Yadda Ake Zirga-zirga a Birnin Ikko

Ikko, wadda yanzu aka fi kira Legas, ita ce birnin da ya fi kowane yawan jama'a a Nijeriya, kuma ita ce hedkwatar ƙasar nan har zuwa shekarar 1991 da aka koma Abuja. Da yawa daga cikinmu wata rana za mu taka ta, wani don hutu wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, wani don hidimar ƙasa, wani kuwa don fatauci. Baƙon da bai san yadda ake tafiya a garin ba yana iya rasa jarrabawa ko jirgi, ko ya yi asarar kuɗinsa a banza. Saboda haka ya kamata mu san hanyoyinta tun muna nan.

Abu na farko da za a fahimta shi ne ruwa. Garin yana bakin Tekun Atlantika, kuma akwai wani makeken tafki da ya haɗu da tekun ya raba shi kashi biyu. A gefe guda akwai tsibirin Legas da Ikoyi da tsibirin Biktoriya, inda manyan bankuna da ofisoshi da kasuwannin Balogun da Idumota suke. A ɗaya gefen, watau tudu, akwai Ikeja da Mushin da Oshodi da Agege, inda galibin ma'aikata suke kwana.

Gadoji uku ne suka haɗa tudu da tsibirin Legas. Akwai gadar Carter wadda aka fara ginawa a 1901, da gadar Eko ta 1975, da Gada ta Uku da aka gama a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Da safe jama'a sukan kwarara ta kan gadojin nan zuwa tsibiri, da yamma kuma su juyo gida. To, a nan ne asalin cunkoson da ake kira goslo. Tafiyar da za a yi cikin minti 20 da asuba tana iya cin sa'a biyu in rana ta fito. Don haka mutumin Ikko ba ya tambayar nisan wuri. Abin da yake tambaya shi ne da ƙarfe nawa za a tashi.

Har wa yau, tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna cikin gari. Kayan da jirage suka sauke, manyan motoci ne suke kwashe yawancinsu zuwa Kano da Kaduna da sauran wurare, ga kuma tankokin mai da suke zuwa ɗaukar fetur. Ruwan da ya kawo wa garin arziki shi ne ya ƙuntata masa hanya. Wanda ba shi da wata bukata a Apapa, gara ya kauce mata.

Motar da talaka ya fi shiga ita ce danfo, wata ƙaramar bas mai launin rawaya da ratsin baƙi. Ba ta da ƙayyadadden lokacin tashi, sai ta cika. Kwandasta yakan maƙale a ƙofa yana kiran sunan unguwar da za su da sauri, har baƙo ya kasa ganewa. A nan sai a tuna matambayi ba ya ɓata. A tambayi inda ta nufa da kuɗin mota tun kafin a shiga, domin kuɗin yakan tashi in an yi ruwan sama ko lokacin tashi daga aiki. A riƙe ƙananan kuɗi, don in babu canji kwandasta yakan haɗa mutum biyu da takardar kuɗi ɗaya, su je su raba da kansu. In an kusa wurin sauka sai a ɗaga murya a ce "o wa", watau da Yarbanci akwai mai sauka. Wanda ya yi kunya ya yi shiru, sai a wuce da shi.

Sa'an nan akwai manyan bas-bas na BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008 tsakanin Mil 12 da CMS a tsibiri, daga baya aka kai su har Ikorodu. Amfaninsu shi ne an keɓe musu layinsu a yawancin hanyar, saboda haka sukan wuce su bar sauran motoci a tsaye. Ana bin layi a tasha, kuma ana biya da wani kati mai suna Cowry wanda ake zuba wa kuɗi tun da farko.

Jirgin ƙasa na cikin gari kuwa ya daɗe ana jiransa. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikinsa a 1983, amma gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2023 ne layin farko, mai suna Shuɗin Layi, ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mil 2, tafiyar kilomita 13 da wutar lantarki. A 2024 aka buɗe Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Alal misali, wanda ya sauka wurin kawunsa a Agege yana son zuwa kasuwar Idumota, sai ya binciki lokacin tashin jirgi, ya shiga zuwa Oyingbo, daga nan ya hau danfo ta haye da shi gadar Carter.

Shi kansa tafkin ma hanya ne. Ƙananan jiragen ruwa suna jigilar mutane daga Ikorodu zuwa tsibiri da Ikoyi, ba ruwansu da goslo. Amma fa dole ne a sa rigar hana nutsewa, kada a shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kada kuma a yarda da tafiyar dare.

Batun babur yana bukatar jan kunne, musamman da yake samarinmu da yawa suna zuwa Ikko yin acaɓa, wanda a can ake kira okada. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta haramta shi a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da tsibirin Legas da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara wasu. Babur ɗin da aka kama ana iya murƙushe shi, fasinja ma yana iya shiga hannu. Iyaye su yi tunani sosai kafin su sayar da gona ko saniya su sai wa yaro babur ya tafi da shi can.

Mai motar kansa shi ma bai tsira ba. A ƙarshen shekarun 1970 an yi dokar da ta raba ranakun shiga wasu manyan tituna bisa ga lambar mota, amma masu hali suka riƙa sayen mota ta biyu, cunkoso ya dawo. Wannan ya nuna mana yawan motoci shi ne ciwon, ba maganin ba. Direba ya kiyaye abu uku: kada ya shiga layin BRT, kada ya bi hanya mai hannu ɗaya a baibai, don kotu tana iya ƙwace motar, kada kuma ya ajiye ta inda ya ga dama, domin jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirga da aka kafa a 2000, za su janye ta. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya kiran motar haya ta wayar salula, irin su Bolt da Uber, sai dai sun fi tsada, kuma su ma goslo yana riƙe su.

Daga ƙarshe, shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk wanda zai je Ikko ya rubuta sunan unguwa da tashar bas mafi kusa da masaukinsa a takarda, kada ya dogara da waya kaɗai, don caji yana ƙarewa. Ya san ko inda za shi yana tudu ne ko tsibiri, ya yi sammako, ya zaɓi jirgin ƙasa ko BRT in sun bi hanyarsa. Iyayenmu kuma su tabbata akwai wanda zai taryi yaro a tasha kafin su sa shi a mota. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma babu garin da maganar nan ta fi dacewa da shi kamar Ikko.