Dutsen Dolomait da Juyin Zamani: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Dolomait wani farin dutse ne, ɗan'uwan dutsen da a ke yin siminti da shi, sai dai shi ya ƙunshi sinadarin maganiziyam. Sunan wani Bafaranshe ya ci, Dolomiyo, wanda ya bayyana shi a 1791.

Galibi a bakin teku mara zurfi ya ke samuwa, inda ruwan gishiri kan malalo, rana ta ƙafar da shi, wani kuma ya sake malalowa. Wannan cika da ƙafewa ita ke taimakon taɓo ya rikiɗa ya zama dolomait, shimfiɗa bisa shimfiɗa.

To, me ke sa teku ta cika ta janye? Wani masani mutumin Sabiya, Milankobic, ya lissafta cewa tafiyar duniya kewaye da rana ba ta tsaya a hali guda ba. Hanyarta kan miƙe ta kuma zagaye cikin shekara kamar 100,000, karkatarta kan sake cikin 41,000, tana kuma layi kamar katantanwa cikin wajen 21,000. Da haka zafin rana kan ƙaru ko ya ragu, ƙanƙarar ƙarshen duniya ta narke ko ta daskare, teku ta hau ko ta sauka.

Ƙasarmu ma ta ga sauyi. Shekara kamar miliyan 60 da suka wuce teku ta rufe ƙasar Sakkwato, ta bar dutsen da a ke siminti da shi a Kalambaina. Amma Ikara da Maƙarfi da Kudan a kan tsohon dutse mai tauri su ke zaune, wanda ya girmi wannan teku nesa ba kusa ba. Saboda haka farin dutsen da a kan tsinta a gonakinsu yawanci ƙanƙara ce.

Ga yadda a ke rarrabewa. Wuƙa ba ta kartar ƙanƙara, amma tana kartar dolomait. In an ɗiga ruwan lemun tsami, dutsen siminti kan yi kumfa, dolomait kuwa sai an daka shi, kumfar ma kaɗan.

Garin dolomait yana gyara gonar da takin zamani ya tsamar da ƙasarta, abin da ya shafi manoman rake da tumatir. Don haka ya kamata kowane hakimi ya gargaɗi dagatai kada talaka ya sayar da gonarsa a kan jita-jitar ma'adini. In an ga baƙon dutse, malamin hakimi ya rubuta wurin, ya aika da gutsure ga ma'aikatan binciken ƙasa a Kaduna.