Tsakanin Farfaɗiya da Bugun Iska: Matsalar Suna ga Tangarɗar Aikin Jijiyoyi

A Kebbe da Tambuwal, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mutum ya faɗi yana karkarwa, ko ƙafarsa ta mutu ba tare da rauni ba, akan ce farfaɗiya ce, ko shanyewar jiki, ko bugun iska. Akwai wata cutar da Hausa ba ta raɗa wa suna ba, wadda wannan maƙala ta kira tangarɗar aikin jijiyoyi. Ita ce likita Charcot ya nazarta a birnin Faris a ƙarni na 19.

A wannan cuta, hoton MRI na ƙwaƙwalwa yakan fito lafiya lau. Sai dai hoton DTI, mai duba farin sashen ƙwaƙwalwa, wato zaruruwan da ke isar da saƙo tsakanin ɓangarorinta, ya nuna 'yan sauye-sauye a hanyoyin da suka shafi motsin rai. Ana ganin sauyin ne idan an kwatanta rukunin majinyata da masu lafiya, bai isa a tantance mutum ɗaya da shi ba.

Rashin suna yana da illa. Wanda aka kira mai farfaɗiya zai yi ta shan maganin da ba nasa ba, wanda hotonsa ya fito lafiya kuwa sai a ce da gangan yake yi. Saboda haka, samar da kalmar da likitan asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da majinyacin Kebbe za su fahimta ya rataya a wuyan masana Hausa.