Ƙarfen da Ke Cikin Damtsen Marc Marquez

Aikina gashin ƙashi ne. Idan likitocin tiyata sun gama nasu, sun haɗa ƙashi sun ɗinke fata, wurinmu ake turo mutum don hannu ko ƙafa su sake koyon aiki. A kan bencin ɗakinmu 'yan babur ba sa yankewa: ɗan acaɓan da mota ta kaɗe, makanikin da ya fita gwajin mashin, saurayin da ya yi wasan babur a bikin abokinsa. Tambayarsu ɗaya ce, kuma tun kafin in ɗaga hoton ƙashin suke yin ta: "Likita, yaushe zan koma hawa?" Saboda ita nake yawan ba su labarin wani ɗan tseren babur na ƙasar Sifaniya, Marc Marquez, mai lamba 93.

An haife shi a garin Cervera a 1993, yana ɗan shekara 4 aka saya masa babur na farko. A 2010 ya ci gasar duniya ta ƙananan babura, a 2012 ya ci ta matsakaita, a 2013 ya shiga babbar gasar MotoGP da kamfanin Honda, ya kuma lashe ta a shekararsa ta farko yana da shekara 20. Ya sake ci a 2014, inda ya yi nasara a tsere 10 na farko a jere, sannan ya riƙe kambun daga 2016 har 2019. Baburan da suke hawa suna haura gudun kilomita 350 a awa. Wanda ya taɓa ganinsa a kwana, gwiwa da gwiwar hannu suna gogar kwalta, ya san me ya sa samari suke ajiye bidiyonsa a waya.

Akwai abin da bidiyon ba ya nunawa. Rigar fatar da ke jikinsa tana da jakar iska a ciki, wadda take hurawa kafin ya kai ƙasa, kuma tun 2018 dole ce ga kowane ɗan tsere. Hular kwanonsa an gwada ta. A gefen kwana an zuba tsakuwa don ta tare wanda ya faɗi, babu tirela, babu kwata, babu yaro mai tsallaka titi. Akwai asibiti a cikin filin, da jirgi mai saukar ungulu a ajiye. Duk da haka ana rasa rai. A Oktoban 2011, a filin Sepang na Malesiya, Marco Simoncelli ɗan Italiya ya rasu a tsakiyar tsere. A wannan makon, a wannan filin, Marquez ya faɗi wajen gwaji ya ji rauni a jijiyar ido, ya koma yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, sai da aka yi masa aiki.

Amma darasin da ya shafi aikina yana damtsensa na dama ne. Ranar 19 ga Yulin 2020, a filin Jerez, babur ya yi jifa da shi, ƙashin damtsen ya karye. Bayan kwana biyu aka yi masa tiyata a Basalona, aka sa masa ƙarfe da kusoshi. Kwana huɗu da tiyatar sai ga shi a kan babur a wannan filin dai, bayan ya dafa ƙasa da hannuwa yana ɗaga jikinsa don ya nuna hannun na da ƙarfi. Ya yi 'yan zagaye, hannun ya gaza, ya haƙura. A farkon Agusta ƙarfen ya karye yana buɗe taga a gidansa.

A nan nake dakatawa in tambayi mara lafiyana: taga ce ta karya ƙarfen? Ɗauki wayar ƙarfe ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya. Ba lanƙwasar ƙarshe ce take tsinka ta ba, duk na baya ne suka taru. Ƙarfen da likita yake sawa ba ya warkar da ƙashi. Riƙe gaɓoɓin biyu kawai yake yi su zauna daidai, har jiki ya yi nasa aikin. Da farko jini ne yake taruwa a wurin karayar, sannan wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin biyu, sai bayan makonni ya fara tauri. Ƙashin damtsen babban mutum yakan ɗauki kusan wata uku, wani lokaci fiye, kafin ya iya ɗaukar nauyi. A duk tsawon wannan lokaci ƙarfen ne yake ɗauke da kayan shi kaɗai. Kowane taka birki, kowane rami, kowane murɗa totur lanƙwasa ɗaya ce.

Abin da yake ruɗar mutane shi ne zafi yana riga ƙashi warkewa. A mako na uku mutum yana barci lafiya, yana cin tuwo da hannunsa, sai ya ɗauka an gama. Wanda kuma yake shan tiramadol don ya iya fita aiki ya toshe bakin mai gargaɗin da ya rage masa. Sigari ma tana jinkirta haɗuwar ƙashi, ina faɗa wa kowa wannan ko da zai ji haushina.

Marquez ya biya kuɗin gaggawar nan da tsada. An yi masa tiyata ta biyu a Agusta, ƙashin ya ƙi haɗuwa. A Disamba aka yi ta uku a Madrid, aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka dasa a damtsen, aka kuma gano ƙwayoyin cuta sun shiga wurin. Bai sake tsere ba sai Afrilun 2021 a Fotigal, wata tara bayan faɗuwar. Ya ci tsere uku a shekarar, amma hannun ba nasa na da ba ne, domin ƙashin ya haɗu a karkace, ya murɗe da kusan digiri 30. A Yunin 2022 ya tafi Mayo Clinic a Amurka, aka sake yanka ƙashin da gangan, aka juyo shi daidai, aka sa sabon ƙarfe. Tiyata huɗu a hannu ɗaya cikin shekara biyu. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa komawar da ya yi da wuri kuskure ce. Ya bar Honda a ƙarshen 2023 ya koma hawa Ducati, ya yi kwana fiye da 1,000 bai ci tsere ba kafin nasararsa a Aragon a 2024. Kambun duniya kuwa sai a Satumban 2025 a Japan ya dawo hannunsa, shekara shida bayan na baya, yana da shekara 32.

Wannan mutum ne da yake da manyan likitoci, da mai gashi nasa na kansa, da albashin da ba ya tsayawa don ya kwanta. Mara lafiyana ba shi da ko ɗaya.

Wani ɗan acaɓa da na yi jinya, magidanci mai 'ya'ya, an sa masa ƙarfe a damtse bayan ya yi karo. Mashin ɗin ba nasa ba ne, kullum akwai balas da mai shi yake jira. A mako na uku ya daina zuwa gashi. Da ya dawo, hannun ya kumbura, yana tallafe da shi da ɗaya hannun. Na ɗaga sabon hoton a jikin fitila, ga ƙarfen ya lanƙwashe, kusa biyu sun zare. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, wallahi babu abinci a gida ne." Ban yi masa faɗa ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ƙanena, na sani. Amma wata biyun da ka guda yanzu sun zama shida." Na sa ya kira yayansa, muka zauna mu uku. Aka shirya ƙaninsu ya riƙa jan mashin ɗin ana raba abin da aka samu, yayan ya je ya roƙi mai mashin. Tun daga ranar, duk wanda aka kawo mini da karaya nakan tambayi wa zai ciyar da gidansa kafin in tambayi ina yake masa ciwo, domin idan ba a warware wannan ba, duk shawarata a bakin ƙofar asibiti take tsayawa.

Ga wanda ya zaɓi zuwa wurin mai ɗori, roƙona a fara ɗaukar hoton ƙashin, a kuma sake ɗauka bayan an ɗora, don ido ba ya ganin ƙashin da ya murɗe a cikin tsoka. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, ɗaurin ya matse ne, a kwance a tafi asibiti a ranar. Idan tsintsiyar hannu ta saki, mutum ya kasa ɗaga ta, jijiyar da ta zagaye ƙashin damtse ce ta taɓu. Wanda aka yi wa tiyata kuma, zazzaɓi ko ruwa daga bakin ɗinki ba abin jira har ranar ganin likita ba ne. Izinin komawa kan babur a hoton ƙashi ake karanta shi.

An sake yi wa ɗan acaɓan nan aiki. Yanzu duk Talata yana zuwa, ya fuskanci bango, ya riƙa hawa da yatsunsa sannu sannu har inda kafaɗa za ta tsaya, ni kuma in ja layi da alli a wurin. Makon jiya layin ya wuce na baya da faɗin yatsu uku. Ya dubi allin, ya dube ni, ya ce in sake nuna masa hoton hannun Baturen nan mai lamba 93, wanda tabon ɗinki ya bi damtsensa.