In Yaro Ya Tambaye Ka, "Wa Ya Yi Allah?"

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata tambaya wadda ko ba daɗe ko ba jima sai wani yaro ya jefo muku ita a aji: "Malam, in Allah ne ya yi kome, shi wa ya yi shi?" Sau da yawa da bulala a kan amsa ta. Yaron ya yi shiru, ya tafi da tambayarsa gida. Gara mu san abin da masana suka faɗa, na wannan gefe da na wancan.

Mu fara daga gida. Tun da daɗewa almajiran ƙasar Hausa su ke karanta wani ɗan littafin tauhidi, Ummul Barahin, na Shehu Sanusi mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Ga yadda hujjarsa ta ke. Kowane jiki, ko dutse ko tauraro, ba ya rabuwa da ɗayan biyu, motsi ko tsayawa. Su kuwa masu zuwa ne su wuce, watau fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. To, abin da dā babu shi sa'an nan ya samu, me ya rinjayar da samuwarsa bisa rashinsa? Ku dubi sikelin mai awon gyaɗa: in gefen biyu daidai su ke, ɗaya ba ya sauka sai an ɗora masa wani abu. Ashe duniya tana da Wanda ya fare ta. Nan amsar yaron nan ta ke, don hujjar ba ta ce kome yana da mai yi ba, cewa ta yi abin da ya ke da farko.

Mu da muka yi makarantar mishan, hanyoyi biyar na Tomas Akwinas aka koya mana, wanda ya rasu a 1274. Abin mamaki, shi cewa ya yi hankali kaɗai ba ya iya tabbatar da duniya tana da ranar farawa, sai wahayi, saboda haka ya kafa hujjarsa bisa dogarar kowane abu ga waninsa. Masana taurari sun ƙiyasta sararin sama ya soma buɗewa shekara wajen miliyan 13,800 da suka wuce, amma fa ba su ce kafin nan babu kome ba.

Hujjar da yara suka fi so ita ce ta agogo. A 1802 wani limamin Kirista na Ingila, Wiliyam Peli, ya ce in ka tsinci agogo a daji ka san da maƙerinsa, balle idon mutum. A ganina ita ce mafi rauni. Tun a 1779 littafin Debid Hiyum ya nuna mun san agogo yana da maƙeri ne don mun saba ganin aikin maƙera, amma wa ya taɓa ganin ana ƙera duniya? Sa'an nan a 1859 Darwin ya bayyana yadda jikin halitta ke dacewa da wurin zamanta a hankali, ba tare da an tsara kowace gaɓa daban ba.

Wadda ta fi duka nauyi ita ce ta wahala. In Allah mai iko ne mai jinƙai, don me ƙyanda ke kashe jariri? A kan ce an ba mutum 'yancin zaɓi. Wannan ya isa game da ɓarawo, amma jaririn me ya zaɓa? Ko cikin Littafin Ayuba ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. In yaro ya kawo wannan, musamman wanda aka yi wa rasuwa, kada ku yi masa ƙaryar kuna da amsa a aljihu.

Akwai kuma wani kuskuren, na mai da hujja sandar duka. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kakan Umaru Nagwamatse wanda ya kafa garin nan, waɗansu ɗaliban ilmin tauhidi sun riƙa tare talakawa suna jarraba su, wanda ya kasa kawo hujja su ce kafiri ne. Shehu ya rubuta littattafai da dama yana yi musu raddi, ya ce imanin talaka ingantacce ne ko bai iya jera hujjojin malamai ba. Duk da haka shi kansa ya rubuta littattafan tauhidi, ya kuma karantar da su.