Yadda Ake Jinyar Kyanwa Mai Ciwon Daji, Daga Gano Kullutu Zuwa Warware Ɗinki

A ƙasar Lautai, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, dabbar da ake kira wa likita ita ce wadda ke da kuɗi a jikinta. Saniya ta ƙi kiwo da safe, kafin la'asar an nemo malamin dabbobi. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, raƙumi ko bajimi ya ɗan yi ɗingishi, nan take za ka ga an taru a kansa. Kyanwa kuwa, wadda ta shekara goma tana tsare rumbun gero da buhunan riɗi daga ɓeraye, idan ta kwanta sai a ce ai mage ce, za ta tashi. Ni na yi jinyar tamu, kuma abin da na koya shi ne a wannan ciwo ba abin da ke kashe kyanwa kamar jira. Ga yadda ake bin lamarin daga farko.

Abu na farko hannu ne. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, sai abu ya ci ƙarfinta take nunawa, don haka mai shafa ta shi ke fara ganowa. A gidanmu Inna ce. Bayan isha'i tana zaune kan tabarma, magen na kwance a cinyarta, sai ta ce, "Kai, zo ka taɓa nan." Na sa yatsa kusa da nono na ƙarshe ta wajen matsematsi, na ji wani abu mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata. Na danna, magen ko motsi ba ta yi ba. Wannan rashin zafin shi ke yaudarar mutane, alhali ciwon daji a farkonsa sau da yawa ba ya zafi.

Kyanwa na da nono takwas, huɗu a kowane gefe, daga hammata zuwa matsematsi. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a kuma laluba hammata da matsematsin ko akwai kaluluwa. Ba kowane kumburi ne sankara ba. Mai shayarwa nononta kan kumbura ya yi zafi, wadda ta yi faɗa da muzuru kan yi ƙurji mai mugunya. Amma a tsohuwar mage, mai shekara 10 zuwa 12, lissafin likitocin dabbobi ba shi da daɗi: cikin kullutun nono goma, takwas zuwa tara mugun iri ne mai yaɗuwa. Akwai kuma wani nau'in sankara da hasken ranar ƙasarmu ke jawowa. Farar kyanwa, ko mai farin kunne da hanci, takan yi ɓawon ƙurji a bakin kunne ko kan hanci, ya bushe ya dawo, ya yi jini, wata da watanni ya ƙi warkewa. Ana ɗaukarsa ƙazwa ko cizon ƙuda, amma sau da yawa sankarar fata ce, kuma idan an yanke gefen kunnen da wuri takan rabu da shi.

Da ka gano, ɗauko rula daga jakar ɗan makaranta ka auna, ka rubuta girman da kwanan wata, ka ɗauki hoto da waya. Awon nan shi ne kusan komai. Binciken likitoci ya nuna kyanwar da aka yi wa aiki kullutun bai kai santimita 2 ba, wato kamar gurjiya, takan ƙara shekara uku ko fiye. Wadda aka bari ya wuce santimita 3, ya kai girman goro, yawanci ba ta cika shekara, wata ma wata shida. Tsakanin gurjiya da goro kuwa tafiyar 'yan makonni ce ko watanni kaɗan.

Nan ne masu ba da shawara ke yawa, kuma nan ake yin ɓarna. Kada a yi sakiya, kada a matse, kada a yi lalas, kada a shafa baƙin mai ko toka. Duk suna mayar da kullutu buɗaɗɗen miki, ƙuda ya samu wurin ajiye ƙwai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin mutane. Ƙwayar Panadol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, sai jinin ya lalace, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura. Haka ibuprofen da diclofenac, su ƙoda da ciki suke ci. Maganin kaska da ake zuba wa shanu da karnuka shi ma guba ne a jikinta. Tausayi ne ke sa mutum ya ba ta, na sani, amma kada a ba ta komai sai abin da likita ya rubuta bayan ya auna nauyinta.

Sai tafiya wurin likita. A fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. Ma'aikatansa sun fi sabawa da shanu da tumaki da awaki, saboda haka ka yi tambaya kai tsaye cikin ladabi: "Likita, a nan ana yi wa kyanwa aiki da allurar barci, ko sai mun wuce gaba?" Likitan kirki zai faɗa maka gaskiya ya tura ka. Daga Gumel, Kano ce kusa, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ta hanyar Gujungu, kuma akwai likitocin ƙananan dabbobi a can. Idan ana son cikakken bincike, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya. A yi waya kafin a tashi, don kada a sha hanya a tarar ba ranar aiki ba ce.

Kada a sa ta a buhu, kada a sa ta a but ɗin mota. A samu kwandon roba mai murfi ko kwali mai ƙwari da aka huda, a shimfiɗa tsohon zanen da ta saba kwanciya a kai, a ɗaure murfin, a riƙe a cinya. A watan Afrilu da Mayu, da zafi kan haura digiri 40, a bi motar asuba. Kyanwar da ta buɗe baki tana haki a mota tana cikin haɗari, a jiƙa tsumma a shafa mata, a nemi inuwa.

A asibiti za a auna nauyinta, yawanci kilo 3 zuwa 4, a ɗebi jini don duba ƙoda da hanta, sannan a yi hoton ƙirji. Kada ka yarda a tsallake hoton don rage kuɗi. Sankarar nono takan gudu zuwa huhu, kuma idan ta riga ta isa can, babban aiki ba zai ƙara mata kwana ba, wahala kawai zai ƙara mata. Ka nemi a rubuta maka kuɗin kowane abu daban, na hoto, na jini, na aiki, na magani, na gwajin nama, ka haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa aƙalla sau biyu.

Ranar da likita ya faɗa mana abin da ke damun tamu, na dawo gida na tarar an rabu biyu. Wani ɗan'uwa ya ce kuɗin da za a kashe ya isa sayen akuya. Matan gida kuma tsoronsu kada yara su ɗauka. Na biyun amsarsa mai sauƙi ce: sankarar kyanwa ba ta kama mutum, ko ta taɓawa ko ta kwano. Na farkon kuwa Inna ce ta amsa, ta ce tun da magen nan ta shigo gidan ɓera bai huda mata buhu ba, kuma wanda ya ci amfanin dabba shi ke da alhakin ciwonta. Kowa a cikinmu ya taso da jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, ya kuma san inda sahabi Abu Huraira ya samo alkunyarsa. Wanda ba shi da hali ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya nemi maganin rage zafi a wurin likita ya kula da ita a gida. Wanda yake da hali kuma, dariyar mutane ba hujja ba ce.

Daren aiki a ɗauke abinci a lokacin da likita ya faɗa, yawanci tun dare, a bar ruwa. A kulle ta a ɗaki, domin magen da ta fita ta kama ɓera da asuba za ta iya yin amai cikin barcin allura, ya sarƙe ta. Kada ka firgita idan aka ce za a cire nono huɗu na gefe guda gaba ɗaya tare da kaluluwar matsematsi. Nonon kyanwa a haɗe suke ta hanyoyin ruwan jiki, idan aka cire kullutun kaɗai yakan dawo a na kusa da shi. Idan ɗaya gefen ma na buƙata, akan jira makonni kaɗan fata ta sake kafin a yi shi. Ka roƙa a sa naman da aka cire cikin ruwan fomalin a aika ɗakin gwaji, don shi kaɗai zai tabbatar da irin ciwon, ya kuma nuna ko an cire shi har gefe.

Abin da za ka gani bayan aiki yana da ban tausayi, gara ka shirya. An aske ciki tas, ɗinki ya taso daga hammata har matsematsi, ido a buɗe amma ba ta gane kowa, tana tangaɗi idan ta miƙe. A kwantar da ita a ƙasa kan tsumma mai laushi, ba kan gado ba, kada ta faɗo. Allurar barci na sa jiki ya yi sanyi, don haka a lokacin hunturu a lulluɓe ta, a sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma kusa da ita. A rataya gidan sauro a kanta, a nan ƙasar shi ne babban makami, saboda ƙuda ɗaya ya isa ya sa miki tsutsa.

Makonni biyun da ke biye su ne ainihin jinyar. Harshen kyanwa kamar zarto yake, cikin dare ɗaya za ta iya warware ɗinki. A sa mata mazurarin roba a wuya, idan babu na saye a yanka tsohon fim ɗin hoton asibiti ko kwali, a bar sararin yatsa biyu. Mu rigar jariri muka sa mata, muka huda wurin ƙafafu muka ɗaure ta baya, kuma ta fi yarda da ita. Ba fita, ba hawa katanga, ba wanka. A ajiye mata tire da yashi mai tsabta a kusurwar ɗaki, a sauya kullum. Abinci kaɗan-kaɗan mai ɗumi: dafaffiyar kaza, kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai. Ban da romon da aka sa wa albasa ko tafarnuwa, suna lalata mata jini, kuma madara na sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa. Maganin zafi da na kashe ƙwayoyin cuta a ba da su kan lokaci har su ƙare. A naɗe ta da tawul, kai kaɗai a waje, a sa sirinji ta gefen baki a hankali.

Safe da yamma a ɗaga rigar a duba. 'Yar ja da ɗan kumburi ba komai. Amma idan jini ya ƙi tsayawa, ɗinki ya buɗe, miki ya yi wari ko mugunya, dasashi ya yi fari, ta wuni ta kwana ba fitsari, ko ta kai kwana biyu ba ta ci ba, a kira likita a ranar. Yunwar kwanaki na taɓa hantar kyanwa fiye da yadda ake zato. Tamu sai a kwana na biyu da hantsi ta lashi kifi daga yatsan Inna, kuma ban manta yadda tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi ba. Ana warware zare tsakanin kwana 10 da 14.

Idan sakamakon gwaji ya fito da mugun iri, likita na iya kawo zancen allurar kashe sankara irin doxorubicin, wadda sai a babban asibiti. Ko an yi ko ba a yi ba, duk wata a laluba tabon da ɗaya gefen, a riƙa ƙirga numfashinta tana barci. Idan yana wuce 30 a minti a kai a kai, a koma hoton ƙirji. Ranar da ta daina ci, numfashi ya zama wahala, magani ya daina riƙe zafin, ka zauna da likita kan allurar da ke kawo ƙarshe cikin barci, ka kuma tuntuɓi malaminka. Malaman Malikiyya sun yi magana kan hutar da dabbar da aka fid da rai da ita. Abin da ba shi da uzuri shi ne a kai ta bayan gari a yar.

Mai 'yar ƙaramar mage a gida kuwa yana da damar da mu muka rasa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cire wa kyanwa mahaifa da ƙwayayenta kafin wata shida na rage haɗarin sankarar nono da kashi 91 cikin ɗari, kafin shekara ɗaya kashi 86. Allurar hana haihuwa ta mata da wasu ke yi wa kyanwa don su huta da 'ya'ya ƙara haɗarin take yi. Mai tsohuwar mage kuma, yau da daddare idan ta zo ta kwanta kusa da kai, ka juya ta a hankali ka bi nonon nan takwas da yatsa. Idan ka ji wani abu, ko bai kai gyaɗa ba, ka nemi likita cikin makon nan.