Ma'aikaciya, Madam ko Maman Wane: Sunan Uwa Mai Aiki a Wasan Barkwanci

Tun da tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, wasanni irin su Daɗin Kowa da Gidan Badamasi suka shiga gidajen Gure kamar yadda suka shiga na Kano. Gidan Badamasi ya gina dariyarsa ne a kan tsoho mai dukiya da tarin ƴaƴansa. Wanda zai rubuta makamancinsa a kan uwa mai fita aiki kuwa, tun kafin ya tsara labari zai ci karo da matsalar suna: da me za a kira ta?

Kalmar ma'aikaciya ba ta da wuya ta fuskar ƙira. An ɗauki aikata, aka sa mata ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -iya, sai t ta koma c ta hanyar ganɗantawa, kamar yadda ake samu a marubuciya daga rubuta. Ma'anarta ce ta ƙuntata. A bakin jama'a, ma'aikaciya ita ce mai albashi, malamar makaranta ko ungozomar gwamnati. Wadda ta tashi da asuba ta soya ƙosai, ta ciyar da gida da ribarsa, sana'a take yi. Wadda take daka ko wanki a gidan wasu, aikatau take yi. Wadda ta wuni tana girki da raino kuwa, sai a ce ba ta aiki, alhali aikin gida ake kiran abin da ya gajiyar da ita. Marubuci mai kunne zai samu fitowa guda cur a cikin wannan saɓani kawai.

Sunayen kira sun fi haka albarka. Mace ɗaya ce Madam a wurin aiki, Maman Wane a unguwa, Uwargida idan tana da abokiyar zama, sannan surukarta ta kira ta da sunan yanka ba tare da wani ado ba. Kowane suna yana tafe da irin muryar da ake jira daga gare ta. Dariya tana faɗowa ne a inda suka haɗu: ƙaramin ma'aikaci ya zo gida da takarda yana "Madam, a sa hannu", ya tarar da ita durƙushe tana gaida surukarta. Ba ta iya ba shi umarni a wannan zama, kuma ba ta iya miƙewa.

Sai dai irin wannan dariya takan rage kaifi idan ta ƙetare iyaka. Ma'aikaciyar Kano ofis take zuwa, ta makara a mitin, ta kai yaro asibiti wurin likita. Ta Gure buro take zuwa, ta sauke yara a lakwal, kuma idan ta ce za ta likita, ginin take nufi. Wanda zai duba yaron lokotoro ne. Mai kallo a Gure yana fahimtar Turancin Ingilishin da aka surka a wasan Kano gwargwado, amma ba ya jin yangar da ke cikinsa kamar yadda zai ji ta da Faransanci aka surka. A gida kuma, a gari irin Gure inda Barebarin Manga suke da yawa, uwar kan iya tsawata wa yaro da Barbarci, harshe na uku ke nan a wuni ɗaya.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan Télé Sahel ta nemi wasan irin wannan uwa, ɗaliban harshe ne ya kamata su fara naɗar maganar malamai mata da ungozomomin Gure, domin a san a wace gaɓa Madam take ajiye Faransanci, da kuma wanda take ajiye shi dominsa.