Amsoshin Tambayoyinku: Shin Masallaci da Coci Suna Biyan Haraji?

Wani mai sauraronmu daga Hadejia ya aiko yana cewa, shi da ke sayar da busasshen kifi ana karɓar haraji a hannunsa, to me ya sa ake ƙyale masallatai da majami'u da ƙungiyoyin agaji?

Malam, mun gode da tambaya. Ƙyalewar ba ta kai yadda kake zato ba. Dokar Najeriya ta yafe haraji kan sadaka da zakka da baikon coci da gudummawa, muddin jama'a za a yi wa aiki da su. Amma da zarar masallaci ya gina shaguna yana karɓar haya, ko coci ta kafa injin casar shinkafa, ribar nan ta kasuwanci ce, kuma hukuma na da haƙƙi a kanta. Albashin ma'aikatansu ma ana cire masa haraji, kuɗin su tafi asusun jihar da suke zaune, wato Jihar Jigawa ga mazauna Hadejia. Sabbin dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ba su rushe wannan tsari ba.

Ka tuna ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma. Buhun geron da wata ƙungiya ta ɗora a kwale-kwale ta kai wa mutane, a ganinmu bai kamata gwamnati ta yanki rabonta a ciki ba. Inda gizo ke saƙar shi ne masu fakewa da rajistar ƙungiya suna kasuwancinsu. Su ya dace hukuma ta buƙaci lissafinsu duk shekara.